HAKKIN TSOHON DA MAGANA TA ƁACE MASA

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam, ya fifita shi da hankali da harshe. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, filin na wannan mako zai duba wata jarrabawa da ta shiga gidaje masu yawa, amma ba kasafai akan ji ta a kan mumbari ba, domin waɗanda ta sama sukan ɓoye ta saboda kunya. Ita ce ruɗewar tsufa, wadda wasu ke kira gigin tsufa, musamman in ta kai ga magana ta fara ɓace wa mai ita.

A ɗauki misalin dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta wasiƙun gwamnati a ofisoshin Kaduna tun zamanin Jihar Arewa, wanda sahun farko na Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki ya san goshinsa, wanda in rigima ta tashi a dangi shi ake jira ya yi magana. Yau ga shi yana son buta, amma sunanta ya ƙi zuwa bakinsa, sai ya ce, "A ba ni abin nan, na ruwa, na salla." Gobe ya kira 'yarsa da sunan ƙanwarsa da ta rasu tuntuni. Jibi ya tambayi ko an kira azahar har sau goma. Sannu a hankali mutanen gida su daina sa shi cikin hira, ya koma zaman ɗaki, ana miƙa masa abinci ana fita. Irin wannan dattijo, da irin wannan dattijuwa, ba a rasa su a Kawo, da Tudun Wada, da Unguwar Shanu, da Badarawa, da Malali. To, me Musulunci ya ce game da su, kuma me ya wajaba a kan iyalinsu?

ABIN DA ALƘUR'ANI YA AMBATA

Wannan hali ba baƙo ba ne ga mai karanta Littafin Allah. A cikin Suratun Nahli, aya ta 70, da Suratul Hajji, aya ta 5, Allah ya ba da labarin cewa daga cikin mutane akwai wanda akan mayar da shi zuwa mafi ƙasƙancin shekaru, har ya zama bai san kome ba bayan dā ya sani. A Suratur Rum, aya ta 54, an jera matakan rayuwa: rauni, sa'an nan ƙarfi, sa'an nan rauni da furfura. Imam Buhari kuma ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan nemi tsarin Allah daga a mayar da shi zuwa ga wannan matsayi.

Ita kuwa magana, Suratur Rahman ta ambace ta cikin ni'imomin farko, daf da ambaton halittar mutum. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka aike shi wurin Fir'auna, cikin abin da ya fara roƙo akwai a kwance masa ƙullin da ke harshensa domin a fahimci zancensa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. In Annabi mai girma ya ji nauyin ƙullin harshe har ya kai kuka ga Ubangijinsa, ina ga tsohon da yake sane da abin da yake son faɗa, amma kalmar ta ɓuya masa, kuma waɗanda ya haifa suna tsaye a kansa suna ƙosawa?

CIWO NE, BA ALHAKI BA, BA MAITA BA

Abu na farko da ya kamata jama'a su gane shi ne, wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda zuciya ko ƙoda take ciwo. Likitoci suna kiransa dimenshiya. Ba tsufa ne kaɗai ba, domin mafi yawan tsofaffi suna komawa ga Allah da hankalinsu. Iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne cutar Alzaima, wadda ta sami sunanta daga wani likitan Jamus, Alois Alzheimer. A 1901 aka kawo masa wata mata 'yar shekara 51 a asibitin birnin Frankfurt, tana mantuwa, tana kewaye-kewaye wajen kiran sunan abu, har in tana nufin kofi sai ta kira shi abin zuba madara. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga lalacewar da ta auku a ciki. Akwai kuma wanda toshewar hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke kawowa, wanda ke bin hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Akwai wani irin da yake fara kama magana tun kafin ya taɓa tunani, wanda likita Marsel Mesulam ya yi bayaninsa a Amurka a 1982.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da wannan ciwo a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. A Nijeriya ma an bincika. A 1992 likitocin Jami'ar Badun suka haɗa hannu da na Indianapolis ta Amurka suka auna yawansa a tsakanin tsofaffi. A Zariya kuma, wani bincike da aka buga a 2011 ya sami kusan mutum 3 cikin kowane tsoho 100 da aka duba suna da shi.

Saboda haka babban zunubi ne a ce da tsohuwar da take sambatu mayya ce. Sau da yawa ruɗewar takan tsananta da almuru, sa'ad da haske ya ragu, gajiya ta taru, sai jahili ya ce ai lokacin fitar aljanu ne. Wata kan fita ta ɓata, a same ta a wata unguwa ba ta iya faɗin sunanta, yara su bi ta da jifa, a tsare ta da tambaya, ita kuwa duk abin da aka ce mata sai ta ce i. Wannan ƙazafi ne da zalunci a kan mai rauni, kuma wanda ya yi shiru yana kallo yana da nasa kason.

Haka nan kuskure ne a ce alhaki ne yake bin mutum. Manyan malaman hadisi da kansu wannan hali ya same su a ƙarshen rayuwa, har ma'abota wannan ilmi suka ba shi suna, suka kira shi ihtilaɗi, watau cuɗewar tunani. Daga cikinsu akwai Aɗa'u ɗan Sa'ib na Kufa, da Sa'idu ɗan Abi Aruba na Basra. Malamai ba su zubar da su ba. Sai suka zauna suka rarrabe: abin da aka ji daga gare su kafin cuɗewar aka karɓa, abin da aka ji bayanta aka ajiye, sunayensu kuwa suka ci gaba da zama cikin girmamawa. Ashe ba a auna mutum da shekarunsa na ƙarshe a manta da sittin ko saba'in da ya gabatar.

YADDA MAGANA TAKE ZUBEWA

Magana ba ta ɓacewa gaba ɗaya rana ɗaya. Abin da ya shigo daga baya shi yakan riga fita. Sunayen abubuwa da na mutane su ne kan fara wuya. Daga nan sai dogon zance ya zama nauyi, mutum ya kama farkon jimla, kafin a kai ƙarshenta farkon ya kuɓuce. Sa'an nan bin hirar mutum uku ko huɗu a lokaci guda ya gagara. Can ƙarshe sai 'yan kalmomi kaɗan su rage, ko shiru.

A nan akwai abin da ya shafi Kaduna musamman. Tun da aka mayar da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, garin ya cika da waɗanda suka zo aikin gwamnati, da na jirgin ƙasa, da soja, da masaƙa, da fatauci: Fulani, Nufawa, Barebari, Yarbawa, da sauransu. Da yawa a nan suka koyi Hausa, a nan suka haifi 'ya'yan da ba su jin harshen kakanni. To, in ciwon nan ya yi nisa, harshen da aka koya daga baya yakan raunana, na goyo ya dawo. Sai a ji Hajiya da ta yi shekara hamsin tana Hausa a Unguwar Rimi ta koma Fulatanci ko Nufanci, jikoki su ce tana surutan da ba su da ma'ana. Alhali magana ce sosai take yi, mai jin ta ne babu. Neman ɗan'uwa ko maƙwabcin da ke jin harshen ya riƙa zuwa yana zama da ita, sada zumunci ne kuma magani ne.

Amma akwai abin da yakan daɗe bai zube ba. Gaisuwa, da Fatiha, da ƙananan surori, da salatin Annabi, da zikirin da harshe ya saba da shi tun makarantar allo, sukan rage ko bayan sunan 'ya'ya ya ɓace. Haka nan gane murya: ko tsoho bai fahimci kalmomin ba, yana gane ta fushi da ta tausayi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa fuskar yake karantawa.

NEMAN MAGANI DA AIKIN MASU GYARAN MAGANA

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik cewa waɗansu ƙauyawa sun tambayi Manzon Allah ko su nemi magani, ya umarce su da su nema, ya sanar da su cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ya togace abu ɗaya, shi ne tsufa. Wasu sukan riƙe ƙarshen hadisin nan su naɗe hannu. Amma umarnin neman magani shi ya fara zuwa. Gaskiya ne har yanzu likitoci ba su da abin da ke warkar da Alzaima, sai dai rashin warkewa daban, rashin taimako daban.

A cikin ma'aikatan lafiya akwai waɗanda suka ƙware a kan magana da harshe da haɗiya. Mutane sun fi saninsu da taimakon yara masu in'ina ko jinkirin magana, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, amma aikinsu ya haɗa da tsofaffi masu wannan ciwo. Ba sa alkawarin mayar da abin da ya tafi. Abin da suke yi shi ne auna abin da ya rage, su gina a kansa, su kuma koya wa iyali yadda za su yi magana, domin rabin aikin a bakin iyali yake.

Daga cikin dabarunsu akwai littafin tunawa, wanda wata malama a Amurka, Michelle Bourgeois, ta nuna amfaninsa a 1990. Kowane shafi hoto ɗaya ne da gajeriyar jimla da manyan baƙaƙe: wannan gidana ne a Kawo, wannan babban ɗana ne, na yi aikin Hajji shekara kaza. Karatu yakan daɗe bai ɓace ba, saboda haka a rubuta da rubutun da tsohon ya fara sani, in ajami ne ajami, in boko ne boko. Wanda ba ya son hoto, kayan da hannunsa ya saba da su sun isa: carbinsa, allonsa, kwallar aurenta, turaren da take so, ko tsohon sulen da aka daina karɓa bayan shigowar naira a 1973. Ana ɗora abin a hannunsa, sau da yawa sai labari ya ɓalle.

Akwai kuma dabarar maimaitawa da tazara. A zaɓi abu ɗaya mai muhimmanci, alal misali inda butarsa take. A faɗa masa, a tambaye shi nan take, sa'an nan bayan minti ɗaya, bayan biyu, bayan huɗu, ana ninka tazarar. In ya kuskure ba a barinsa yana lalube, sai a ba shi amsar, a koma tazarar da ya iya. Duk wanda ya yi tilawa a makarantar allo zai ga wannan bai yi nisa da abin da ya sani ba.

Har wa yau suna duba haɗiya, domin in ciwon ya yi nisa tsoho yakan ƙware, abinci ko ruwa ya bi hanyar numfashi, ya jawo ciwon huhu. Saboda haka a zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, a ba shi kaɗan-kaɗan, kada a ɗura masa yana kwance, kada a kwantar da shi da zarar ya gama, a kuma kula da tsabtar bakinsa. In yana yawan tari a lokacin cin abinci, a kai shi a duba.

SUNNAR MANZO WAJEN MAGANA

Wanda ya dubi abin da masu gyaran magana ke koya wa iyali, zai ga ladubba ne da Musulmi ya riga ya gada. Anas ɗan Malik ya ba da labari, a ruwayar Buhari, cewa Manzon Allah yakan maimaita kalma sau uku domin a fahimce ta. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ce ba ya zuba zance a jere da gaggawa, maganarsa da mai ƙirgawa zai ƙirga da ya ƙirga ta. Kuma an siffanta shi da cewa in zai juya ga mutum, da dukan jikinsa yake juyawa.

To, haka za a yi da tsoho. A zo masa ta gaba, a durƙusa inda zai ga fuska, a kashe rediyo da talabijin, a nisanta shi da ƙarar janareto. A yi sallama, a faɗi ko wane ne: "Baba, autarka ce, na kawo maka kunu." Magana ɗaya a lokaci ɗaya, gajeriya. Maimakon a ce me zai ci, a nuna masa kwano biyu a ce, "Inna, tuwo ko shinkafa?" In an yi tambaya a jira, ko da shirun ya yi tsawo, kada a ƙwace maganar daga bakinsa. In ya ce abin ruwa na salla, a miƙa masa buta a ce, "Ga butar, Baba," ba tare da an nuna masa ya yi kuskure ba. Ɗaga murya ba ya ƙara fahimta, sai tsoro.

Doguwar gaisuwar Hausa kuwa wata baiwa ce a nan. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya sanyi: kowace tambaya da amsarta a shirye, harshe ya san hanyarta. Tsohon da ba ya iya haɗa jimla biyu yakan amsa gaisuwa tiryan-tiryan, ya ji shi mutum ne cikin mutane. Kada a taƙaita masa ita.

Akwai al'adar da ya kamata a bari. Baƙo ya shigo, abin da zai fara shi ne, "Kaka, kin gane ni? To, wane ne ni?" Mutanen ɗaki su zuba ido, in ta kuskure a kwashe da dariya. Wannan jarrabawa ce a bainar jama'a ga wanda ba shi da amsa. Ita za ta manta tambayar, amma ƙuncin yakan wuni tare da ita. Haka nan wasan jika da kaka, wanda asalinsa ƙauna ce, in ya zama ɗaya ne kaɗai ke iya ramawa ya tashi daga wasa ya koma izgili, kuma Suratul Hujurati ta hana izgili. Kada kuma a riƙa zancensa a gabansa kamar ba ya nan.

Imam Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mata da ke da ɗan taɓi a hankalinta ta ce wa Manzon Allah tana da buƙata a wurinsa. Bai tura ta ga wani ba. Ya kira ta da alkunya, ya ce ta zaɓi hanyar da take so, ya je ya tsaya da ita har ta gama faɗin buƙatarta. Shugaban al'umma ke nan, da dukan abin da ke kansa. Wane ɗa ne zai ce ya fi shi aiki?

TSAKANIN GASKIYA DA TAUSAYI

Akwai tambayar da takan dami masu tsoron Allah. Hajiya ta ce, "Ina Malam? Bai dawo daga kasuwa ba?" Malam kuwa ya yi shekara goma sha biyar a kabari. In an ce mata ya rasu, sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi mutuwar, bayan sa'a ɗaya ta sake tambaya. In an ce yana nan tafe, an yi ƙarya.

Shari'a ta buɗe ƙofa ta uku, ita ce tauriya, watau faɗin magana ta gaskiya wadda ba ta cutarwa. Sayyidina Abubakar ya yi ta a hanyar Hijira, sa'ad da aka tambaye shi wane ne ke tare da shi, ya amsa da cewa mai nuna masa hanya ne. Ɗa yana iya cewa, "Inna, kina kewarsa ko? Ba ni labarin ranar da kuka sauka Kaduna." Sau da yawa abin da take nema natsuwa ce, sunan Malam kuwa shi ne sunan da ta san natsuwa da shi. In ta tsaya ta tambaya kai tsaye ko ya rasu, a faɗa mata cikin taushi, a yi masa addu'a tare, amma ba a wajabta wa kowa ya riƙa sabunta mata makoki kullum ba. Gardama da ita kuwa ba ta da riba ko kaɗan.

HUKUNCIN IBADA DA DUKIYA

Hankali shi ne sharaɗin ɗora wa mutum hukunci. Hadisin da Abu Dawuda da waɗansu suka ruwaito ya nuna an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe. Saboda haka muddin tsoho yana gane salla, sai a taimake shi: a tuna masa lokaci, a kama masa alwala, wani ya zauna kusa da shi yana tuna masa abin da ke biye, ko ya yi tare da shi yana koyi. In ya kai matsayin da bai san ta ba, ta faɗi daga kansa, haka ma azumi, ba a kuwa tsananta masa, ba a ce ya zama mai wasa da salla. Zakka kuwa, a mazhabar Malikiyya, tana kan dukiya ne, waliyyinsa zai fitar masa.

Akwai bushara a nan. Buhari ya ruwaito daga Abu Musa cewa in bawa ya yi rashin lafiya ana rubuta masa irin abin da yake aikatawa yana lafiya. Imam Ɗabari kuma, wajen fassarar Suratut Tin, ya zaɓi cewa muminin da tsufa ya mayar da shi ƙasa, ladansa ba ya yankewa. Ashe dattijon nan da ke zaune shiru, littafinsa bai rufe ba.

Wajen dukiya kuwa a ji tsoron Allah. Kyauta, ko ciniki, ko saki, ko sa hannu a takardar fili da gida, daga wanda hankalinsa ya gushe ba su inganta. Ɗan da ya kama yatsan mahaifinsa ya dangwala a takarda alhali ya san bai san abin da ake yi ba, ya ci haram, ko da kotun duniya ba ta gane ba. Abin koyi a nan 'ya'yan Jarir ɗan Hazim ne, malamin hadisi na Basra wanda ya rasu a shekara ta 170 bayan Hijira. Da suka lura tunaninsa ya fara cuɗewa, sai suka tsare shi daga masu ɗaukar hadisi, ba wanda ya ji kome daga gare shi a wannan hali, har yau kuwa sunansa yana cikin amintattu. Sun kare shi ne daga abin da zai zubar masa da mutunci. Wannan ya bambanta da kulle tsoho a ɗaki domin kada a gan shi.

INDA ZA A NUFA

Duk gidan da suka ga alamun nan, su fara da kai tsohonsu ga likita, ko a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, daga nan a tura su inda ya dace, kamar Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a ƙetaren kogi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Zuwa can ba abin kunya ba ne. Akwai abubuwan da ke kama da wannan ciwo alhali suna da magani, kamar baƙin ciki mai tsanani, da ƙarancin wasu sinadaran jiki, da illar wasu magunguna. In kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko magana ta sarƙe nan take, wannan na gaggawa ne, kada a kwana.

A kuma auna jinsa da ganinsa. Tsoho da yawa da ake cewa ba ya ganewa, ba ya ji ne sosai, kuma masana sun lissafa raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon. Kaduna ta yi dace da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, inda ake auna ji, kuma wuri ne da ya dace a tambayi masu gyaran magana. Ƙwararrun nan ba su da yawa a ƙasar, saboda haka in an sami ganinsu, wanda ke jiyyar yau da kullum shi ya kamata ya je ya koya, ya zo ya koya wa sauran. A sa wa tsohon takarda mai lambar wayar iyalinsa a aljihu, a kuma sanar da mai unguwa da liman da maƙwabta halin da yake ciki.

HAKKIN MASU JIYYA

A gidaje da yawa nauyin nan duka a kan mace ɗaya yake, mata ce, ko 'ya, ko matar ɗa, ba barci ba hutu, sauran 'ya'ya kuwa sai aiko da kuɗi da zuwa ran Juma'a da gyare-gyare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Umarnin Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, ya ambaci iyaye ne a lokacin da tsufa ya riske su a wurin ɗansu, ya hana ko kalmar ƙosawa mafi ƙanƙanta, ya hana tsawa, ya yi umarni da magana ta karamci. Abin lura, a kan harshe aka fara kafa hukuncin. Wannan umarni yana kan kowane ɗa, namiji da mace, kuma kuɗi ba ya sauke shi. A raba kwanaki, a ba mai jiyya hutu, a gode mata. In gajiya ta sa ta yi suɓul da baka, ta nemi gafara ta ci gaba, domin aya ta 25 ta sanar da cewa Allah ya san abin da ke cikin zukata, kuma Mai gafara ne ga masu komawa gare shi.

Limamai da malaman Islamiyya su ma suna da aiki. Su ambaci wannan ciwo a huɗuba da wa'azi, su hana ƙazafin maita, su riƙa ziyartar tsohon da ƙafarsa ta ɗauke daga masallaci. A ranar buɗe Makka, da Sayyidina Abubakar ya kawo mahaifinsa Abu Ƙuhafa, tsoho tukuf, Manzon Allah cewa ya yi da an bar dattijon a gida shi ya je ya same shi.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah ya ambaci taɓewa har sau uku ga wanda ya riski iyayensa, ɗaya ko duka biyu, a halin tsufa, amma bai shiga Aljanna ba. Uwar da yau take maimaita tambaya sau goma, ita ce ta amsa tambayar ɗanta sau ɗari yana ƙarami, ta fassara gwarancinsa tun ba wanda ke gane shi, ta sa masa kalmar farko a baki. Yanzu bashin ne ya zo biya.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jiyya haƙuri da lada, ya tsare al'ummar Musulmi daga mafi ƙasƙancin shekaru, ya sa kalmar shahada ta zama ƙarshen abin da harshe zai furta. Allah ne Mafi sani.